NA'URAR GANO ƘARYA DA MATSALAR INFOMA: SHIN INJI ZAI IYA LEƘA ZUCIYA?



'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, wani matashi cikin yaranmu masu aikin tsaron gari ya tsaya jirana a bakin ƙofa. Sai da jama'a ta ragu ya matso ya ce: "Malam, wai mi ka hana gwamnati ta kawo injin nan da ka gane maƙaryaci? Na gane shi ga waya, Turawa na da shi. A aza ma kowa, soja da ɗan sanda da mu da hakimai. Wanda duk ad da hannu a gane shi, mu huta."

Na ce masa ya ba ni 'yan kwanaki in yi nazari. Wannan rubutu shi ne amsarsa, kuma na sa shi nan ne domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba.

Tambayarsa ba ta wasa ba ce. Wanda ke zaune a Tozai ko Isa ko Sabon Birni ya san abin da ke bayanta. A ƙarshen watan Mayun 2020 an kashe mutum sama da 70 a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A watan Disambar 2021 an ƙone matafiya cikin motarsu a wajen Gidan Bawa. A 2024 an ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu a watan Agusta. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. Dubban 'yan'uwanmu na gudun hijira a ƙasar Maraɗi. Duk lokacin da irin wannan ta faru, maganar da ke bakin mutane ɗaya ce: wa ya gaya musu? Wa ya ce musu wane ya sayar da shanu jiya? Wa ya sanar da su jami'ai sun tashi? Kalmar "infoma" ta shiga bakin yara ƙanana, maƙwabci ya daina sakin jiki da maƙwabcinsa.

Yanzu kuma jihohinmu sun ɗauki matasa aikin tsaro a hukumance: Katsina a 2023, Zamfara da Sakkwato a 2024. Wanda aka ba bindiga, aka ba sirrin fita da shiga, dole a san ko shi waye. Saboda haka neman hanyar tantancewa wajibi ne. Abin tambaya shi ne, wannan na'ura za ta iya ɗaukar wannan kaya?

MECE CE NA'URAR?

Sunanta poligiraf. Wani ɗan sanda mai ilimin aikin jiki, John Larson, ya haɗa ta a 1921 a garin Bakili na jihar Kalifoniya a Amurka. Ana zaunar da mutum a kujera, a ɗaura masa roba biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, don auna numfashi. A ɗaura masa irin abin awon hawan jini na asibiti a damtse, a maƙala wasu 'yan ƙarafa a yatsunsa masu auna gumi. Sai a riƙa yi masa tambayoyi yana cewa e ko a'a, kwamfuta na zana yadda jikinsa ke sauyawa.

To ka lura da kyau, ɗan'uwa. Numfashi take aunawa, da bugun zuciya, da gumi. Babu wata waya a jikinta da ke auna ƙarya. Mutum ne mai gwajin zai dubi zanen ya ce a wurin tambaya kaza jikinka ya tashi, don haka ina zaton ka yi ƙarya. Alhali jiki na tashi saboda ƙarya, yana tashi saboda tsoro, da fushi, da kunya, da tuna wani bala'i da ya taɓa samun mutum.

Wannan dabara ma tsohuwa ce, riga kawai aka sauya mata. Larabawan ƙauye a Sina'i ta Masar suna da abin da suke kira bisha'a: a sa ƙarfe a wuta, wanda ake tuhuma ya lasa, in harshensa ya ƙone shi ne mai laifi. Hujjarsu ita ce mai laifi bakinsa na bushewa saboda tsoro. Malaman Masar sun yi fatawar haramcinta. Poligiraf ba ta ƙona harshe, amma a kan wannan zato aka gina ta: mai laifi zai firgita, marar laifi zai natsu.

Ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Hukumar EFCC na amfani da ita, kuma a 2016, lokacin ɗaukar sababbin 'yan sanda 10,000, rundunar ta sanar cewa za a yi wa waɗanda aka zaɓa wannan gwaji. Ke nan abin da matashin nan ya roƙa yana iya zuwa ƙofarmu wata rana.

ABIN DA MASU ABIN SUKA GANO

Amurka ce ta fi kowa amfani da ita, hukumominta na leƙen asiri har yau suna ɗora wa ma'aikatansu. Don haka mu ji daga gare su.

Aldrich Ames ma'aikacin CIA ne. Ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet sirrin ƙasarsa a 1985. Sunayen da ya miƙa sun jawo an kashe aƙalla mutum 10 cikin masu yi wa Amurka aiki a ɓoye. An yi masa gwajin a 1986 ya tsallake, aka sake a 1991 ya sake tsallakewa. Shi da bakinsa ya ce shawarar da iyayen gidansa na ɓoye suka ba shi ba ta wuce ya yi barci mai kyau, ya saki jiki, ya yi fara'a da mai gwajin ba. Sai a watan Fabrairun 1994 aka kama shi. Cikin manyan abubuwan da suka tona shi akwai dukiya: mai albashin da bai kai dala 70,000 a shekara ba ya sayi gidan dala 540,000 kuɗi hannu, ya hau mota Jaguar. Ana Montes ma, wadda ta yi wa Kuba leƙen asiri daga cikin hukumar leƙen asirin sojan Amurka, ta tsallake gwajin, sai a 2001 aka kama ta.

A 1988 majalisar Amurka ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu ɗora wa ma'aikata wannan gwaji. A 1998 kotun ƙolinsu ta tabbatar da dokar da ta hana shigar da sakamakonsa a kotunan soja, bisa dalilin cewa masana ba su haɗu a kan ingancinsa ba. A 2003 kuma babbar cibiyar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoton bincike a kai. Ta ce idan a kan laifi guda ne takamaimai da ya riga ya faru, na'urar ta fi canki-canki nesa ba kusa ba, duk da cewa tana kuskure. Amma wajen tace ɗimbin ma'aikata don neman 'yan tsirarun maciya amana, ingancinta bai kai a dogara da ita ba.

Sun kawo lissafi. A ce akwai ma'aikata 10,000, cikinsu 10 ne 'yan leƙen asiri. In aka saita gwajin yadda zai kama 8 cikin 10 ɗin nan, to tare da su zai kayar da marasa laifi kimanin 1,600. In aka sassauta shi don rage zalunci, har marasa laifin da za su faɗi su koma kimanin 40, to 2 kawai zai kama, 8 su wuce da takardar wankewa.

Wani zai ce, Malam, ai mu infomominmu sun fi haka yawa. To mu kwatanta da namu. A ce an ɗauki matasa 1,000, a ce 50 cikinsu maciya amana ne. Da wancan ma'auni za a kama 40, a saki 10. Cikin 950 masu gaskiya kuma kimanin 150 za su faɗi. Ka ga cikin mutum 190 da aka ware, kusan huɗu cikin kowane biyar ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Goma ɗin da suka tsallake kuwa yanzu sun fi da haɗari, domin an buga musu hatimin amana.

A Amurka wanda ya faɗi wannan gwaji aiki yake rasawa. A nan in aka ce inji ya nuna wane infoma ne, kai da ni mun san ba zai kwana a gidansa ba, wataƙila ma ba zai kwana a duniya ba, kuma sunan zai bi 'ya'yansa. Mun ga inda hukunci da zato ya kai mu. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe mutane a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, ba a jima ba aka faɗa wa kasuwar Unguwar Lalle. Jini ya bi jini.

WA YA FI TSORO?

Nan ne, a ganina, zuciyar mas'alar take. Na'ura ce mai auna fargaba, za a kawo ta ƙasar da kowa ke cikin fargaba.

Ka zaunar da matashin da aka harbe mahaifinsa a gabansa, ka tambaye shi: ka san 'yan bindiga? Zuciyarsa za ta buga kamar ganga. Ka zaunar da wanda ya daɗe yana cin kuɗin jini har zuciyarsa ta bushe, ka yi masa wannan tambaya, yana iya amsawa kamar ana tambayarsa farashin gero.

Tarihin sahabbai ya riga ya koya mana wannan. Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya sirranta wa Huzaifa ɗan Yaman (RA) sunayen munafukai. Wa ya je yana tambayar Huzaifa ko sunansa na ciki? Umar ɗan Khaɗɗabi (RA), wanda aka yi wa bushara da Aljanna. Hanzala (RA) ya fito yana tuhumar kansa da munafunci don kawai yanayin zuciyarsa na sauyawa in ya bar majalisin Annabi (SAW) ya koma cikin iyali. Ibnu Abi Mulaika ya ba da labarin ya riski sahabbai 30, kowannensu na jin tsoron munafunci a kansa. A ɗauka an ɗaura wa waɗannan bayin Allah wayoyi an tambaye su ko sun taɓa cin amana. Me allura za ta zana?

Bayan yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, mutum 80 da wani abu cikin waɗanda suka ƙi fita suka zo suna jero uzuri da rantsuwa. Annabi (SAW) ya karɓi zahirinsu, ya bar abin da ke zukatansu ga Allah. Mutum uku da suka faɗi gaskiya, Ka'abu ɗan Malik da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, su ne suka shafe kwana 50 cikin ƙunci da kuka har Allah Ya saukar da karɓar tubarsu.

Ban ce maƙaryaci ba ya tsoro ba. Suratul Munafiƙun da ta siffanta su da kyan jiki da daɗin baki, ita ce kuma ta nuna suna zaune cikin ɗar-ɗar. To tsoro na cikin zuciyar munafuki, yana kuma cikin zuciyar Umar. Ɗaya na tsoron tonon asiri, ɗaya na tsoron Allah. Allura ba ta san bambancinsu ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani game da yadda ake gudanar da gwajin. A salon da ya fi yaɗuwa, mai gwajin na cusa wasu tambayoyi na gama-gari, kamar: ka taɓa yi wa wanda ya yarda da kai ƙarya? Yana lallaɓa ka har ka ce a'a, alhali ya ɗauka kowa ya taɓa. Sai ya gwada tashin jikinka a wannan "ƙaramar ƙarya" da tashinsa a ainihin tambayar. Ke nan aikin ba ya tafiya sai an ɓoye maka manufar tambayar, an tura ka ga faɗin abin da ba haka ba. Mai tsoron Allah da ya fayyace komai ya amsa da natsuwa, jikinsa ba zai tashi a nan ba, in ya tashi a babbar tambaya saboda nauyinta sai a ce ya faɗi. Wanda ya san sirrin kuwa yana iya tayar da jikinsa da gangan a ƙananan tambayoyin ya wuce. Abin neman gaskiya da ba ya aiki sai da yaudara, ya kamata musulmi ya tsaya ya dube shi da kyau.

MA'AUNIN SHARI'A

Shari'a ba ta ɗora mana binciken zukata ba. Lokacin da Usama ɗan Zaid (RA) ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, bisa hujjar cewa tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi (SAW) ya tsawata masa, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Shi kansa Annabi (SAW), a hadisin Ummu Salama (RA), ya sanar da masu kawo ƙara cewa yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wani na iya fin wani iya baki. Ƙa'idar da aka gina alƙalanci a kanta sananniya ce: mai da'awa ya kawo shaida, wanda ya musa ya rantse. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincikar labari kafin mu cutar da wasu cikin rashin sani mu dawo muna nadama, ta kuma hana mu yawan zato.

Wannan ba ya nufin Musulunci ya rufe ƙofar alamomi. Malamai na kiran su ƙarina. Ibnu Farhun na mazhabarmu ta Malikiyya ya yi dogon bayani a kansu a Tabsiratul Hukkam, haka Ibnul Ƙayyim a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya. Amma ƙarina hawa-hawa ce. Dubi Suratu Yusuf, alamu iri biyu ne a cikinta. 'Yan'uwan Yusuf (AS) sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, alhali su ne masu laifin. Rigar da ta yage ta baya kuwa ita ta wanke shi a gidan Aziz. Hawaye yanayin jiki ne, ana iya ƙirƙirarsa, yana kuma zubo wa mai gaskiya da maƙaryaci. Yagewar riga sawun aiki ne da ya faru, kowa na iya zuwa ya duba. Bayanan kiran waya, da kuɗin da suka shiga asusu, da babur ɗin sata da aka samu a gidan mutum, dangin riga ne. Zanen poligiraf dangin hawaye ne.

Mas'alar infoma ma ta faru a zamanin Annabi (SAW). A shekara ta 8, ana shirin buɗe Makka a asirce, Haɗibu ɗan Abi Balta'a (RA) ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa ya ba wata mata. An sanar da Annabi (SAW) ta hanyar wahayi, wanda babu tababa a cikinsa. Duk da haka sai da ya tura su Ali (RA) suka cim mata a Raudatu Khakh, ta ciro wasiƙar daga kitsonta. Da hujja ta zo hannu, sai ya kira Haɗibu ya tambaye shi dalili, ya saurare shi. Haɗibu ya ce iyalinsa na Makka ba su da dangin da zai kare su. Umar ya nemi izinin sare kansa, Annabi (SAW) ya hana, ya ambaci halartarsa Badar. Ku dubi jerin: labari, sannan hujjar da ake riƙewa a hannu, sannan sauraro, sannan hukunci daga shugaba. Wanda ke da wahayi bai tsallake waɗannan matakai ba, ina ga mai roba da waya?

Uzurin Haɗibu ya kawo mu ga halin da muke ciki. Wace tambaya za a yi wa ɗan wannan yanki? Ka taɓa ba ɗan bindiga kuɗi? Garuruwa nawa ne aka ɗora wa haraji suka haɗa suka biya don a bar su su yi noma? Ka taɓa magana da su a waya? Duk wanda ya karɓo mahaifiyarsa da kuɗin fansa ya yi. Kana da ɗan'uwa a daji? Akwai wanda ƙanensa ya ɓace shekaru, yana kuka da shi dare da rana. Shari'a ta bambanta wanda aka tilasta da wanda ya sa kansa, kamar yadda aya ta 106 a Suratun Nahl ta yi wa Ammar ɗan Yasir (RA) uzuri a abin da ya fi wannan girma. Na'urar e ko a'a kawai ta sani. Ba ta jin "amma".

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Wanda ya nuna gidan maƙwabcinsa don a ba shi dubu biyar ko dubu ɗari, abokin tarayya ne a duk jinin da aka zubar da duk mutuncin da aka keta. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a hukuncin mai yi wa abokan gaba leƙen asiri. Sai dai hukuncin na hannun hukuma bayan tabbatarwa. Ba a bar shi ga taron kasuwa ba.

TO RANTSUWA FA?

Wasu za su ce a bar injin Turawa, a ɗora wa kowa Alƙur'ani. An gwada. A 2021 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya rantse a bainar jama'a cewa ba shi da alaƙa da 'yan bindiga, ya nemi wasu su ma su yi. A garuruwa da dama ma an rantsar da mutane a masallatai. Rantsuwa na da matsayinta a shari'a, kuma rantsuwar ƙarya da gangan na cikin manyan zunubai masu dulmiya mai su. Amma ita ma mai tsoron Allah take kamawa. Wanda bai ji tsoron Allah wajen sayar da rai ba, da wuya rantsuwa ta tsayar da shi.

Bambancin shi ne rantsuwa ba ta da'awar ta ga zuciya. Tana yanke jayayya a duniya in babu shaida, ta miƙa mutum ga Wanda ke gani. Wanda ya rantsar bai ce ya sani ba. Mai na'ura kuwa yana fitowa da takarda mai zane da lambobi, jama'a su ɗauka ilimi ne ya yi magana. Haɗarin ke nan.

ABIN DA MASU GOYON BAYANTA KE CEWA

Adalci ne a faɗi hujjarsu. Suna cewa tsoron gwajin na hana wasu miyagu neman aikin tun farko, kuma mutane da yawa na faɗin abin da suka ɓoye tun kafin a kunna na'urar. Suna kuma kawo misalin Robert Hanssen na FBI, wanda ya daɗe yana yi wa Rasha aiki har aka kama shi a 2001, ba a taɓa yi masa gwajin ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma wannan amfani ya dogara ne ga mutane su yarda na'urar na gani. Ranar da mai laifi ya gane ba ta gani, ta tashi aiki a kansa, ta ci gaba da aiki a kan talaka mai gaskiya da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Iƙirarin da aka samu ta hanyar firgitarwa kuma, malamai sun daɗe suna gargaɗi a kansa, domin mai tsoro na iya amsa abin da bai yi ba. Shi Hanssen ɗin ma takardun da aka samo daga Rasha ne suka tona shi, da muryarsa da zanen yatsunsa.

MAFITA

Abin da na fahimta, kuma Allah ne mafi sani: sakamakon wannan na'ura ba shaida ba ne, ba iƙirari ba ne, ƙarina ce mai rauni. Bai halatta a kori mutum, ko a tsare shi, ko a bayyana sunansa saboda ita kaɗai ba. Haka kuma bai halatta a saki jiki da mutum don ya tsallake ta ba. In hukuma ta ga sai ta yi amfani da ita, to ya zama a kan lamari takamaimai, a hannun ƙwararre, sakamakon ya zama sirri, ya zama ƙofar fara bincike kawai, a kuma ba mutum damar kare kansa. Sannan a fara daga sama. Kada a ɗaura wa ɗan sa-kai mai silifas a bar mai ofis.

Hanyar tantance amana kuwa magabata sun bar mana ita, sai dai tana da wahala, shi ya sa muke neman gajeriya. Wani ya zo gaban Umar (RA) yana yabon wani mutum. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun yi tafiya tare, ko sun yi hulɗar kuɗi. Da ya ce babu ko ɗaya, Umar ya nuna masa bai san mutumin ba. Haka ya kamata a yi wa duk wanda za a ba bindiga: a tambayi maƙwabtansa, da abokan cinikinsa, da waɗanda suka yi noma da shi, a ɓoye kuma daga bakin mutane daban-daban. Takardar ɗan siyasa ba ta wadatar ba. Mu limamai da masu unguwanni da ake kawo wa takarda mu sa hannu, mu ji tsoron Allah. Sa hannu shaida ce, za a tambaye mu.

Umar ya kasance yana rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, daga baya ya duba abin da ya ƙaru. Irin wannan bin sawu ne ya taimaka wajen kama Ames bayan na'ura ta sake shi sau biyu. Wanda jiya ba shi da keke, yau yana da babura uku da sabuwar amarya, ba gona ba kasuwa, a tambaye shi daga ina. A taƙaita masu sanin lokacin fita aiki. A riƙa sauya wa mutane wurin aiki. A samar da hanyar kai rahoto da za ta kare mai kawowa, a kuma hukunta wanda ya yi ƙage don gaba ko rikicin gona. Sannan a biya masu tsaro haƙƙinsu a kan lokaci, a kula da iyalan waɗanda suka rasu. Wanda aka bari da yunwa da bindiga a hannu, an buɗe wa Shaiɗan ƙofa a kansa.

Ga ɗan'uwana da ya yi tambaya: na san gajiya ce ta sa ka faɗi haka, kuma duk mun gaji. Amma ka tuna in aka kawo injin nan, kai ma za ka zauna a kujerar. Kai da ka ɗauki gawar abokinka a kafaɗa, in aka ambaci sunan waɗanda suka kashe shi, jikinka zai natsu? Abin da ba ka so a yanke maka hukunci da shi, kada ka nema wa ɗan'uwanka.

Ga wanda kuma ya san yana kai bayani, in wannan rubutu ya iso gare ka: kana iya tsallake inji, kana iya tsallake rantsuwa, amma akwai ranar da za a rufe baki, hannuwa da ƙafafu da fata su yi magana, ranar da za a tone abin da ke cikin ƙiraza. Ƙofar tuba a buɗe take tun ba a kai can ba.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya, Ya tona asirin azzalumai, Ya tsare mu daga zaluntar marasa laifi, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta ya gyara mini, ɗan Adam ne ni.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.